Gidan Da Ke Yawo A Sama

'Yan'uwa manoma, watakila wani a cikinku ya taɓa ganin wani haske kamar tauraro yana tafiya a sama bayan magariba, ba ya ƙyaftawa, ba ƙara. Mai yiwuwa ne tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce ya gani. Gida ne da mutane a ciki, galibi su bakwai.

Nisanta daga ƙasa wajen kilomita 400 ne, kusan tafiyar Kano zuwa Abuja. Tana zagaya duniya cikin minti 90. Daga kan Gumel zuwa kan Maigatari kuwa, kafin ka ɗaga kai ta wuce ta shiga Nijar, ba mai tambayarta takarda.

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a wannan sha'ani. A 1962, sa'ad da John Glenn na Amurka ya zagaya duniya sau uku, Kano na cikin wuraren da aka kafa na'urorin bin sawun kumbonsa. A lokacin nan Amurka da Rasha tsere suke yi, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa. Sai a 1975 kumbonsu biyu suka haɗu a sama, matuƙan suka gaisa. An harba sashen farko na wannan tasha a 1998, kuma tun Nuwamba 2000 ba ta taɓa zama babu kowa ba.

Abin da ya kamata ɗan ƙungiya ya lura da shi shi ne yadda aka raba aikin. Amurka, Rasha, Japan, Kanada da ƙasashen Turai suka yi gayya. Yawancin wutar lantarki daga sashen Amurka take fitowa. Tashar kuma kullum tana ɗan saukowa, kumbon Rasha ne galibi ke tura ta sama. In ɗaya ya yi fushi ya janye, dukansu sun yi asara. Shi ya sa ko da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, aiki bai tsaya ba.

Ruwa yana da tsada ƙwarai a can. Gumi da fitsari ana tace su a sake sha, kada ku yi dariya. A 2015 sun ci latas da suka shuka da kansu, a 2021 barkono.

An shirya sauko da tashar cikin teku bayan 2030.