Yadda Guba Ke Shuka Sankarar Mama Tun Ana Yarinya

A cikin nonon mace akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta da ake kira uwayen ƙwayoyi. Su ke haifar da sauran ƙwayoyin da ke gina hanyoyin ruwan nono lokacin balaga da goyon ciki. Suna da tsawon rai, don haka idan guba ta lalata musu ƙwayar gado, lahanin yakan kwanta shekaru da dama, duk ƙwayoyin da suka haifa su gaje shi.

Shi ya sa shekarun da mace ta haɗu da gubar ke da muhimmanci ƙwarai. Bayan bam ɗin nukiliya na Hiroshima da Nagasaki a 1945, 'yan matan da tururin bam ɗin ya taɓa suna ƙanana sun fi manyan mata fuskantar haɗarin sankarar mama daga baya. Haka maganin DES da aka riƙa ba masu ciki a Amurka har zuwa 1971: 'ya'yansu mata sun fuskanci ƙarin haɗari bayan sun haura shekara 40.

Wasu sinadarai, irin su DDT na kashe ƙwari, kwaikwayon sinadarin istirojin na jikin mace suke yi, su ingiza ƙwayoyin nono su yi ta rarrabuwa.

Don haka masu ciki da 'yan mata masu tasowa su suka fi buƙatar kariya.