Ciwon da Ido Ba Ya Gani

Mai fama da cutar maltiful sikilerosis yakan sha wahala biyu, ta ciwo da ta dangi. Yau a gan shi garau, gobe ƙafa ta kasa ɗaukarsa, sai wasu 'yan'uwa su ce lalaci ne, wasu su ce jifa ne.

Ga yadda al'amarin yake. Jijiyoyin da ke kai saƙo cikin ƙwaƙwalwa da laka suna da wata riga mai suna mayelin, tamkar robar da ke lulluɓe wayar lantarki. A wannan cuta, wadda likita Bafaranshe Jean-Martin Charcot ya bayyana a 1868, garkuwar jiki ce ke afka wa rigar. Saƙo sai ya yi jinkiri ko ya yanke, a sami dishi-dishin gani, sagewar gaɓa da matsananciyar gajiya. Idan kumburin ya lafa, alamun sukan ja baya, shi ya sa ciwon ke zuwa yana komawa. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

Lalacewar jijiyoyin hannu da ƙafa kuwa, wato niyurofati, daban take. Ciwon sukari na cikin manyan sanadinta, kuma mai ita yakan taka ƙaya bai ji ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne majinyaci ya je asibiti tare da dattijon da gida ke jin maganarsa, domin ya ji bayani daga bakin likita. Akwai magungunan da ke rage tasowar maltiful sikilerosis, jinkirin nemansu kuwa yana iya barin nakasa ta dindindin.