Sawun Jelani

Ina zaune a zauren gidanmu a Ƙauran Namoda ina canza wa rediyo batir, sai ga ɗan ƙanwata ya faɗo daga makarantar allo, allonsa a hammata, hawaye shaɓe-shaɓe. Ko sallama bai yi ba.

"Kawu, wai ni jela ce?"

Ashe yara ne suka sa shi a gaba tun safe. Wani mai suna Buhari ya fara kiransa jelar sa, saura suka ɗauka har da tafi. Na jawo shi na ce ya rabu da su, sunansa na babban waliyyi ne. Ya share hanci da bakin riga ya ce, "To mi ake nuhi da shi?"

Nan na yi turus. Shekara arba'in da ɗoriya ina kiran Jelani: akwai Jelani mahauci, akwai Jelani direban da ke lodin Gusau, akwai wanda muka yi firamare tare. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da kalmar take nufi ba. Na ce masa ya ba ni mako biyu.

Na fara da cikin gida, don Inna ce ma'ajiyar sunayen zuri'armu. Ta dube ni kamar na tambaye ta dalilin da ya sa ake sa gishiri a miya. Ta ce sunan yanka na yaron Abdulƙadir ne, sunan kakansa na wajen uba, uwarsa kuwa ba za ta iya kama sunan surukinta ba, shi ya sa ake sakayawa da Jelani. Ta shiga lissafa mini da yatsu: Usmanu shi ne Shehu, Umaru Faruku, Ibrahim Halilu, Ahmadu Tijjani, Abdulƙadir kuwa Jelani. Na ce to don me? Ta ce, "Haka muka taras." Duk da haka na fito da abin yi. Jelani ba shi da alaƙa da jela. Inkiya ce da ke bin Abdulƙadir, kuma kowace inkiya irin wannan tana nuni ga wani mutum guda da ya riga kowa ɗaukarta.

Wani matashin ustazu da muke sallah a masallaci ɗaya ya ce abin ai a fili yake: daga jalala ne, wato girma da ɗaukaka. Maganar ta kwanta mini, har na kusa kai wa yaro ita. Allah ya sa na biya ta wurin tsohon malamina na nahawu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi murmushi ya ce in ustazun ya dawo in tambaye shi sunan tafsirin da ake karantawa kowane azumi. Jalalaini, wato Jalalu biyu. Wanda aka raɗa wa suna daga jalala, Jalalu ake ce masa. Ya jawo allo ya rubuta sunan da Larabci, ya ɗora alƙalami a kan harafin ƙarshe.

"Ka ga wannan? Ya'un nisba ce. Ita ke nuna daga inda mutum ya fito. Malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira, Alkashinawi aka rubuta shi. Na Barno, Albarnawi. Cire ta ka ga abin da ya rage."

Abin da ya rage shi ne Jilan. Ko dai gari ne, ko ƙasa, ko ƙabila. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ina ne Jilan?" Ya ce shi nahawu ya sani, in je wurin masu ɗariƙa.

Hakan ya kai ni Zurmi, wurin wani dattijo muƙaddamin Ƙadiriyya, abokin mahaifinmu. Na same shi bayan la'asar a kan buzu, carbi na tafiya a hannunsa. Da jin tambayar bai yi wata-wata ba ya ce, "Bagadaza mana, ɗana. Can Sidi Abdulƙadir yake kwance." Gaskiyarsa: a Bagadaza Shehu Abdulƙadir ya yi karatu, ya yi wa'azi, ya riƙe makaranta, a can ya rasu a 1166, kuma har gobe ana ziyartar hubbarensa. Sai dai abin bai shige ni ba. Mutumin Bagadaza ai Albagadadi ake ce masa.

Ban yi masa musu ba. Shi kuwa da ya samu mai saurare sai ya ɗauko hikayar da kowane ɗan Ƙadiriyya ya sha tun yana ƙarami. Yaro ɗan shekara goma sha takwas ya nemi izinin mahaifiyarsa zai tafi neman ilimi. Ta ɗinke masa dinari arba'in a cikin rigarsa, ta sa ya yi alkawarin ba zai taɓa yin ƙarya ba. Ayarinsu ya wuce Hamadan, 'yan fashi suka tare su. Da suka tambayi yaron ko yana da wani abu, ya gaya musu gaskiya har da inda kuɗin suke. Shugabansu ya ga yaro ya ƙi saɓa wa uwa alhali shi shekara da shekaru yana saɓa wa Ubangiji, sai ya tuba shi da mutanensa. Dattijon ya yi shiru a nan, ya dubi hanyar da na biyo daga Ƙaura, ya ce, "Allah shi kawo muna irin wagga tuba." Na ce amin, don kowa ya san abin da matafiya ke gani a hanyoyinmu a 'yan shekarun nan.

A mota ina komawa gida ne hikayar ta buɗe mini. Wanda ya bi ayari zuwa Bagadaza neman karatu ba ɗan Bagadaza ba ne. Baƙo ne, kuma hanyarsa ta ratsa Hamadan. Ke nan Jilan tana bayan Hamadan.

Ranar Alhamis na shiga kasuwar Shinkafi. A layin masu littattafai akwai wani mai rumfa da ke ajiye tsofaffin littattafan boko a ƙarƙashin tarin Ahalari da Iziyya. Ya zaro mini littafin taswira wanda bangonsa ya rabu da jikinsa. Hamadan ba ta ba mu wahala ba: ga ta nan a yammacin Iran, a kan tsohuwar hanyar ayari mai gangarawa Bagadaza. Muka duba jerin sunayen da ke bayan littafin a ƙarƙashin harafin J. Babu Jilan. Muka sake bi layi-layi da yatsa. Babu.

Ina shirin mayar masa da littafi sai idona ya faɗa kan wani gari a gabashin Tekun Kasfiyan mai suna Gurgan. Na tuna malamina yana yawan ambaton Aljurjani, gwanin balaga. Gurgan, Jurjan. Larabcin littafi ba shi da harafin "g", don haka in Balarabe ya ci karo da shi a sunan baƙi sai ya musanya shi da jimun ko kafun. Haka ba shi da "p", shi ya sa yankin Pars ya koma Faris, mu kuma muka ce Farisa. Mu ma da muke rubuta ajami sai da muka ari wani harafi muka ɗora masa aikin "g" kafin mu iya rubuta Gobir. Na ce wa mai rumfa, "Duba ƙarƙashin G."

Ga ta nan: Gilan. Lardi ne a arewacin Iran, matse tsakanin duwatsun Alburz da gaɓar Tekun Kasfiyan, babban birninsa Rasht. Wannan ne kuma ya warware mini dalilin da ya sa zuriyar Shehun a wasu ƙasashe suke rubuta sunansu Gailani, wasu Kilani, mu kuma Jelani. Suna ɗaya ne, bakuna suka bambanta. Akwai marubutan Iraƙi na wannan zamani da ke jan haihuwarsa zuwa wani wuri mai suna Jil kusa da Bagadaza, amma abin da ya shahara tun a tsofaffin littattafan tarihinsa shi ne Gilan, inda aka haife shi wajen 1077, ya bar ta a 1095.

Da na ƙara bincike a kan wurin sai dariya ta kama ni. Mu in an ce Iran, hamada da rijiyoyin mai muke hangowa. Gilan kuwa ƙasa ce mai ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ga kurmi, ga fadamu. Shinkafa ce abincinsu tun zamanin da sauran Farisawa suka fi dogara da gurasar alkama, kuma a garinsu Lahijan ake noma mafi shaharar ganyen shayin ƙasar. Wato ina tsaye a tsakiyar Shinkafi, buhunan shinkafar fadama jibge a bayana, na gano waliyyin da muke sa wa 'ya'yanmu sunansa ɗan ƙasar manoman shinkafa ne.

Na ɗauka aiki ya ƙare, ashe da sauran rina a kaba. Da dare a teburin mai shayi na ba uban yaron labari. Ya ajiye kofi ya ɓata rai.

"Iran? Haba Yaya, ƙasar 'yan Shi'a? Sidi Abdulƙadir fa Ahlussunna ne."

Tambayarsa tana kan hanya, don Shehun Bahambale ne a mazhaba. Kuma ban ga laifinsa ba. Yawancinmu ba mu fara jin sunan Iran sosai ba sai a 1979, lokacin da juyin juya halin Ayatullahi Khumaini ya kifar da sarki Muhammad Riza Pahlawi, rediyo ya cika da labarin, daga baya kuma aka ga tasirinsa a Zariya a harkar Shaikh Ibrahim Zakzaky. A kunnenmu Iran da Shi'a suka zama ɗan Juma da ɗan Jummai. Amma shekarun ne ke raba gardamar. Sai a 1501 Shah Isma'il, wanda ya kafa daular Safawiyya, ya shiga Tabriz ya ayyana Shi'ancin imamai goma sha biyu a matsayin mazhabar hukuma. Tsakanin rasuwar Shehu Abdulƙadir da wannan rana shekara 335 ne. Kafin nan mafi yawan mutanen ƙasar 'yan Sunna ne. A Gilan ɗin kanta, a zamaninsa, gabashi na Zaidiyya ne, yammaci kuwa na Hambalawa. Sunan Iran ma sai a 1935 Riza Shah ya nemi ƙasashen waje su riƙa kiran ƙasarsa da shi. Littattafan malamanmu Farisa suka sani, ƙasar Salmanu Bafarishe. Shi ya sa muka daɗe muna karanta ta ba mu gane ita ce ta rediyo ba.

Na ce masa in zai kori duk abin da ya fito daga can, aiki na gabansa. Imamu Muslim mutumin Naisabur ne. Gazali ɗan Ɗus ne, kusa da Mashhad ta yau. Sibawaihi, limamin nahawu, Bafarishe ne. Kalmar ƙamus daga sunan littafin Fairuzabadi ta samo wannan ma'ana, shi kuwa haifaffen yankin Faris ne. Kalmar ustaz ma Farisanci ce Larabawa suka ara. Na nuna kofin da ke gabansa na ce shayi da sukari su ma sunayensu sun biyo ta bakin Farisawa kafin Larabawa su miƙo mana. Mai shayi ya ce to a biya shi kuɗinsa kafin a mayar wa masu shi.

Abu ɗaya ya rage: me ya ɗauko sunan wani lardi na bakin Kasfiyan ya dasa shi a arewacin Zamfara har ya fi yawa a nan fiye da wurare da dama? Amsar tana cikin tarihinmu. Ƙadirawa suna lissafa Almagili, wanda ya zo Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, cikin waɗanda suka fara shigo da ɗariƙar, sannan malaman Kunta na hamadar Tambutu, musamman Sidi Mukhtar da ya rasu a 1811, suka yaɗa ta. Amma wanda ya kafa ta a ƙasarmu shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, ya zauna a Faru. Shi da kansa ya ba da labarin cewa yana ɗan shekara arba'in, wajen 1794, ya ga Shehu Abdulƙadir ya rataya masa takobin gaskiya. Jama'arsa Ƙadirawa ake kiransu, kuma cikin 'ya'yansa akwai Abdulƙadir, akwai Muhammadu Buhari. Fulanin Alibawa na Zurmi suna cikin waɗanda suka amsa kiransa, jaruminsu Namoda, wanda garinmu ke ɗauke da sunansa, yana cikin shugabannin yaƙin da suka ci Alkalawa a 1808. Inda tutar Shehu ta kafu, sunan shehinsa ya shiga gidaje. Aka yi ta yanka rago ana cewa Abdulƙadir, mata a cikin gida suna sakayawa da Jelani, har asalin kalmar ya ɓace mana.

Ranar da mako biyu suka cika na zaunar da yaron a zaure. Na zana masa taswira a ƙasa da tsinke: ga Ƙaura, ga Makka, ga Bagadaza, ga wani teku can sama, ga Gilan a gefensa. Na ce sunanka na nufin mutumin wannan wuri, kamar yadda ake cewa Bazamfare. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya tambaye ni ko su ma suna tuƙa tuwo da shinkafarsu. Na ce dafa ta suke yi.

Washegari da hantsi na ji sallama a ƙofar zaure. Jelani ne, ya riƙo hannun wani yaro mai noƙe kai. Ya turo shi gabana ya ce, "Kawu, ga Buhari. Na ce mai shi ma sunan gari ne, ya ce ƙarya nike." Na share zanen jiya da tafin hannu, na ɗauki tsinke, na matsa gabas.