Gidan Caca a Tafin Hannu: Daga Legas Zuwa Kalgo da Gwandu

Mai neman katafaren gidan caca a Nijeriya sai ya nufi Legas ko Abuja. A otal ɗin Federal Palace da ke Victoria Island da kuma Transcorp Hilton na Abuja, an keɓe zauruka na musamman masu teburan karta da injinan caca, inda masu hannu da shuni ke raba dare suna zuba kuɗi.

A Gwandu, garin da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, babu irin wannan gini. Babu shi kuma a Kalgo, inda Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi take da mazauni. Tun shekarar 2000, zamanin Gwamna Adamu Aliero, jihar Kebbi, inda garuruwan biyu suke, ta ƙaddamar da Shari'ar Musulunci, haramcin caca kuwa a fili yake cikin Suratul Ma'ida. Duk da haka cacar ta iso, kuma ta wayar hannu ta shigo.

Kamfanin NairaBet ya fara a 2009, Bet9ja ya biyo baya a 2013, sannan irin su SportyBet da BetKing suka cika kasuwa. Ba sa bukatar shago a gari, intanet ta wadatar da su. Ranar Asabar da yamma, a gidan kallon ƙwallo, za a ga saurayi ido ɗaya kan talabijin, ɗayan kan waya. Ya tura naira ɗari biyu, ya jera wasanni goma na gasar Firimiyar Ingila da ta Sifaniya a tikiti guda, waya ta nuna masa dubban da zai kwasa idan duk suka faɗa yadda ya canka. Tara suka yi daidai, na goma aka farke ƙwallo ana dab da tashi. Sai a ji yana cewa, “Wallahi wasa ɗaya ne ya ɓata mini!” Gobe kuma ya sake.

Wannan “saura ƙiris” shi ne jarin kamfanin. Idan kowane wasa ci da faɗuwa rabi da rabi ne, damar cankar goma a jere ɗaya ce cikin 1,024. Haka lissafin yake a manyan otal: faifan caca irin na Turai gida 37 gare shi, amma wanda ya dace da lambarsa ribar ninki 35 kawai ake ba shi. Ɗan giɓin nan ke gina benaye, yana biyan tallan da ake gani a rigunan 'yan ƙwallo. A garuruwan manoma kuwa, kuɗin da ke cike giɓin na taki ne, ko na makaranta, ko jarin ɗan kabu-kabu, wani lokaci ma bashi ne da aka ci ba tare da sanin iyaye ba.

Hukumomi sun fara motsi. A watan Oktoban 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo kusan 30. Ranar 22 ga Nuwamban shekarar, Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, sai Abuja kaɗai, kowace jiha ita ke da ikon tsara harkar ko hana ta a cikin iyakarta.

Wannan hukunci ya miƙa wuƙa da nama ga majalisar dokokin jiha da ke Birnin Kebbi. Rufe shago aiki ne da Hisba za ta iya gamawa cikin yini guda. Toshe manhaja kuwa sai da haɗin kan bankuna da kamfanonin sadarwa, waɗanda Babban Bankin Nijeriya da hukumar sadarwa ta NCC ke kula da su daga Abuja. Kafin a kai nan, nauyin yana wuyan iyaye da limamai da malaman makaranta a Kalgo da Gwandu, waɗanda ya kamata su zauna da samari su warware musu lissafin tikitin nan dalla-dalla.