Ba Kowane Aiki Ba Ne Sai Da Uwa A Gindin Murhu

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin matasanmu da suka gama bautar ƙasa: wai intabiyu cika sharaɗi ne kawai, an riga an rubuta sunan wanda za a ɗauka tun kafin a buga sanarwa, saboda haka wanda ba shi da uwa a gindin murhu gara ya huta da wahalar shiri. Iyaye suna faɗa, yayye suna faɗa, har wasu malaman jami'a suna faɗa wa ɗalibansu. Ban yarda da ita ba yadda ake shimfiɗa ta a kan kowane aiki. Amma ba zan ce masu ita ƙarya suke yi ba, domin abin da suka gani da idonsu ne ya sa ta a bakinsu.

Ranar 15 ga Maris, 2014, Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya ta tara masu neman aiki a filayen wasa na jihohi don jarrabawa. Sama da mutum 500,000 ne suka nema, kowa ya biya naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Aka yi turmutsutsu a Abuja da wasu garuruwa, rayuka suka salwanta. A 2023 kuma wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna a bainar jama'a yana sauraron zarge-zargen sayar da guraben aiki a hukumomin gwamnati. Wanda ya ga waɗannan ya ce sai da hanya, to yana da hujjarsa, kuma wanda ya kashe kuɗin motarsa ya je ya dawo hannu rabbana ya cancanci a tausaya masa, ba a yi masa wa'azi ba.

Inda na rabu da su shi ne a nan: sun ɗauki abin da ke faruwa a ƙofar gwamnati sun mayar da shi hukuncin kasuwar aiki gaba ɗaya. Alhali a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, masu karɓar albashin gwamnati 'yan kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawan masu ɗaukar ma'aikata su ne masu makarantun kuɗi, da asibitoci masu zaman kansu, da kantunan magani, da gidajen mai, da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, da manyan 'yan kasuwar Kantin Kwari da Dawanau. Waɗannan daga aljihunsu suke biyan albashi. Jami'in da ya cusa ɗan'uwansa a ma'aikata ba ya asarar ko sisi idan yaron bai iya komai ba. Mai kantin magani kuwa, in ya ɗauki wanda bai iya lissafin kaya ba, kafin wata uku zai ga giɓin a jarinsa. Ku tambayi 'yan kasuwa, da yawansu ma tsoron ɗaukar dangi suke yi, domin ɗan'uwa in ya yi ɓarna korarsa sai ta zama rigimar zumunci, a kai ƙara wajen Hajiya, a yi shekara ba a gaisawa.

Za a ce mini, to ai su ma 'yan kasuwar ba sa ɗaukar wanda ba su sani ba sai wani ya kawo shi. Haka ne. Kuma ba a ƙasarmu kaɗai ba. Wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya bincika yadda ma'aikata suka sami ayyukansu a garin Newton kusa da Boston, ya fitar da littafi a 1974. Ya gano fiye da rabinsu ta bakin wani suka ji labarin aikin. Abin lura, yawancin waɗanda suka ba su labarin ba makusantansu ba ne, mutane ne da suke haɗuwa jefi-jefi: tsohon abokin karatu, wanda aka taɓa aiki tare. Dalilin a fili yake. Na kusa da kai abin da ka sani shi ya sani, na nesa shi ne yake jin labarin da bai iso unguwarku ba.

Wannan ya bambanta da cusa wanda bai cancanta ba. Mai ba da aiki zai miƙa wa baƙo makullin shagonsa, ko motarsa, ko 'ya'yan mutane, dole ya nemi wanda zai ce masa, na san yaron nan, ba ya taɓa abin da ba nasa ba. Shaida yake nema. A Suratul Ƙasas an ba mu labarin yadda aka ɗauki Annabi Musa, Alaihis Salam, aiki a Madyana. Baƙo ne, ba shi da kowa a garin. Ɗiyar mai gidan ce ta ba mahaifinta shawara, kuma ta kafa hujja da ƙarfinsa da amanarsa, bayan ya shayar musu da dabbobi a bakin rijiya. Irin wannan shaidar talaka yana iya tara ta. Shugaban makarantar da ka yi bautar ƙasa, in ka riƙe ajinka ba fashi, shaida ne. Mai shagon da ka tsare masa kanti lokacin hutu shaida ne. Matashin da ya yarda cewa sai da hanya, shi ne yake yin bautar ƙasar da wasa, ya riƙa zuwa ranar tantancewa kawai, sa'an nan ranar da aka ce ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa ya rasa ko ɗaya.

Shaida ƙofa kawai take buɗewa. In ka shiga ɗakin, kai kaɗai ne da bakinka. Na zauna ana tantance malamai a wata makarantar firamare mai zaman kanta, aka miƙa wa kowa alli aka ce ya koyar da raba lamba na minti goma kamar yara ne a gabansa. Wani ya zo da takardar wani babban mutum a hannu, ya juya baya ya cika allo da rubutu, bai waiwayo ba har lokaci ya ƙare. Wata malama mai takardar NCE ta buɗe jakarta ta fito da marafan kwalba goma sha biyu, ta zuba a kan tebur, ta ce wa shugabar makarantar, "Hajiya, ki raba wa yara uku." Daga nan ta hau allo. Kafin ta zauna kowa ya san wa za a ɗauka, kuma babu wanda ya sake waiwayar waccan takardar. Marafan nan ba a ɗakin ta tsince su ba. Tun a gida ta yi tunanin abin da za a iya tambayarta ta shirya masa, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu binciken ɗaukar ma'aikata sun daɗe da sanin haka. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter sun tattara sakamakon bincike na shekara 85, suka nuna cewa gwada mutum a kan ainihin aikin, da intabiyun da ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, sun fi yawan shekarun karatu nuna wanda zai iya aiki. Mai makaranta a Kano bai karanta su ba, amma asara ta koya masa abu guda: miƙa alli. Shi ya sa direba ake ba shi makulli, akawu a buɗe masa Excel, tela a ba shi yadi.

To shirin me za a yi? Ka san abin da wurin yake sayarwa da su wane ne abokan cinikinsa. Ka je ka ga ƙofar tun ana gobe, ka san tsawon lokacin da hanya za ta ci. Takardunka na asali da kwafinsu su kwana a jaka. Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar, a wurinmu, shi ne magana a kan kai. An rene mu da kunya da kawaici, an ce mana yabon kai jahilci ne, kuma tarbiyya ce mai kyau da ba na son mu yar. Sai dai ta kan sa matashi ya sunkuyar da kai, a tambaye shi me ya iya ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da aka sa ni zan yi." Wannan amsar ba ta gaya wa kowa komai ba. Mafita ita ce ka bar siffanta kanka, ka ba da labarin abin da hannunka ya yi. Kada ka ce ni mai amana ne. Ka ce, na riƙe littafin adashin ma'aikatan makarantarmu shekara guda, mutum ashirin, ba a taɓa samun saɓanin lissafi ba, ga lambar shugabanmu a tambaye shi. Wannan ba fariya ba ce, bayani ne da za a iya bincikawa. Ka tanadi irin wannan labari biyu ko uku, har da na ranar da abu ya ɓaci da yadda ka gyara, ka faɗe su da babbar murya a gaban wani yaya ko aboki har harshenka ya saba.

Haka batun albashi. "Ko nawa kuka ba ni" ba ladabi ba ne, sakaci ne da haƙƙin iyalinka. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a dokar Nijeriya naira 70,000 ne, ko da yake dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ka san wannan, ka tambayi masu irin aikin nawa suke karɓa, ka lissafa kuɗin motarka na wata, ka faɗi adadi cikin natsuwa.

Hujjata mafi ƙarfi kuwa ita ce sana'ar da take tsirowa a tsakanin masu nema da masu bayarwa. Da a ce kowane gurbi yana da mai shi tun asali, ba wanda zai biya kuɗi a nemo masa ma'aikaci. Amma ana biya. Jobberman ɗalibai uku ne na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka kafa shi a 2009, ya zama ɗaya daga manyan dandalin neman aiki a ƙasar. A ƙasa da wannan akwai masu yin abin daga falon gidansu da waya da littafi guda, suna haɗa makarantu da malamai, gidaje da direbobi da masu girki, shaguna da masu karɓar kuɗi. Dillanci ne, kuma Bahaushe ba baƙonsa ba ne: fataucin goro da shanu tsakanin Arewa da unguwar Sabo ta Ibadan a kan amanar mai gida da dillali ya tsayu, kamar yadda masani Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969.

Ƙanwata ko ƙanena da ke tunanin shiga wannan sana'a daga gida, jarinka ba kujeru ba ne, tantancewa ce. Ka zaɓi fanni ɗaya da ka sani, a ce malaman firamare ko direbobi, kada ka ce kowa da kowa. Duk wanda za ka tura, ka gan shi ido da ido, ka ga katin shaidarsa na ƙasa, ka taka har unguwarsu, ka kira wanda ya yi wa aiki a baya ka tambaye shi tambaya ɗaya da ba ta da kwana: in ya dawo za ka sake ɗaukarsa? Shirun da zai biyo baya ma amsa ce. Direba ka shiga motar ya ja ka cikin cunkoso, ka ga yadda yake yi in ɗan adaidaita ya sha gabansa. Sa'an nan ka zaunar da shi ka shirya shi don ganawar, domin in ya je ya yi ta in-ina sunanka ne ya zube.

Kuma akwai doka. Bayan rajista da hukumar CAC, Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa mai ɗaukar wa wasu ma'aikata ya karɓi lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, zama a gida bai ɗauke wannan ba. Takardun mutane da lambobinsu da ke cikin wayarka amana ce da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta yi magana a kai. Kwaso ƙananan yara mata daga ƙauye a raba su gidaje aikatau, wanda wasu suke kira dillancin ma'aikata, ba ya cikin abin da nake magana. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, kuma hukumar NAPTIP tana kama masu yi.

Babban abin da zai raba ka da macuta shi ne wajen wa kake karɓar la'ada. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1997, ta kafa ƙa'idar cewa kamfanin samar da ma'aikata ba zai caji mai neman aiki ba. Mai ba da aiki shi ne zai biya, domin shi aka ɗauke wa wahala. Masu sayar da fom, masu cewa a turo kuɗin rajista ta WhatsApp kafin a ga gurbi, su ne suke ƙara dasa wa matasa imanin cewa aiki saye ake yi. Ka rubuta yarjejeniya da mai ba da aikin: nawa zai biya, yaushe, kuma in ma'aikacin ya tafi ko bai dace ba cikin watannin farko za ka kawo wani ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Wannan alkawari na ƙarshe shi zai hana ka zama uwa a gindin murhun wani. Ran da gwaggo ta kira ta ce a saka ɗanta, za ka tuna cewa in bai iya ba kai za ka yi aikin sau biyu a kuɗi ɗaya, kuma mai ba da aikin ba zai sake kiranka ba. Sai ka ce mata, "Gwaggo, ki turo shi gobe da safe da takardunsa, zan gwada shi yadda nake gwada kowa, in da saura in nuna masa inda zai gyara."