Raya Sana'o'i da Ƙananan Masana'antu a Ƙasar Jahun da Kewayenta: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu na Masarautar Dutse, musamman na ƙasar Jahun da maƙwabtanta, Kiyawa da Miga. Nufinta shi ne a bayyana yadda mai sana'a zai ƙaru da sanin aikinsa, da yadda ƙaramar masana'anta za ta girma, da abin da ke wuyan shugabanni cikin wannan al'amari.

1. DALILIN WANNAN BAYANI

Tun ran 27 ga Agusta 1991 da aka yanke Jihar Jigawa daga Jihar Kano, Dutse ta zama hedkwata, arzikin jihar yana bisa noma da kiwo. Ƙasar tana ba da gero da dawa da gyaɗa da riɗi da zoɓorodo da shinkafa da ƙaro da dabino da fatu. Amma yawancin wannan amfani ɗanye yake fita. 'Yan kasuwa kan saye shi da kaka a Gujungu ko Shuwarin ko Sara ko Maigatari, lokacin da ya fi araha, su kai Kano ko Ikko. Can za a tsabtace, a matse, a zuba cikin buhu mai suna, wani ma a komo da shi a sayar wa wanda ya noma da tsada.

Watau ladan gyara ya tafi wata ƙasa ke nan, aikin da samari za su samu ya bi shi. Shi ya sa da an gama girbi sai su watse ci-rani, a bar tsofaffi da mata da gari. Ko wane injin casa ko matsar mai ko maƙera da ya tsaya da ƙafarsa a gunduma, ya tsare wa gunduma mutanenta da kuɗinta.

2. ABIN DA TARIHI YA NUNA

Sarrafa kaya ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Sa'ad da Barth, Bature matafiyi, ya zo Kano a 1851, ya tarar saƙi da rinin ƙasar Kano ana kai su har Tumbuktu da Tarabulus, alhali kuwa a gidaje da ƙauyuka ake yinsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1930 kuma hanyarsa ta kai Nguru ta Ringim da Malam Madori. Daga nan hankali ya koma ga gyaɗa, ana sayar da ita ɗanya, ana tara ta dala-dala, ana aikawa Turai. A 1957 aka buɗe masaƙar zamani a Kaduna, masana'antu suka yawaita a Bompai ta Kano.

Farin 1973 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 suka karya cinikin gyaɗa. Manyan masaƙu kuma suka yi ta rufewa wajen shekarar 2000 da bayanta, saboda ƙarancin lantarki da tsadar mai da shigowar yadi mai araha daga waje. Abu biyu ke nan za a koya. Na fari, ƙasar da ta dogara ga sayar da amfani guda ɗanye, ranar da ya faɗi ta faɗi. Na biyu, girman gini ba ya tsare masana'anta in ba a lissafta wuta da kasuwa ba tun farko.

3. ƘARIN SANI GA MAI SANA'A

Yawancin masu sana'a, maƙera ne ko kafintoci ko teloli ko masu walda, a hannun uba ko ubangida suka koya. Wannan hanya mai kyau ce, sai dai almajiri ba ya wuce sanin malaminsa in bai fita ya ga na wasu ba. Akwai wuraren da Hukuma ta tanada saboda wannan. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, an kafa shi a 1971. Hukumar Samar da Aikin Yi, watau NDE, tana sanya yara koyon sana'a wurin gwanaye. Hukumar SMEDAN, wadda aka yi dokarta a 2003, tana koya wa masu ƙananan sana'o'i tsarin ciniki. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kuma tana yin jarrabawar sana'a mai daraja uku, wanda ya ci a ba shi takardar shaida. Ga kuma Kwalejin Fasaha ta Jiha da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, duka a Dutse.

Ya kamata in za a ba da yaro koyo a rubuta sharaɗi gaban mai unguwa: shekara nawa zai yi, me za a koya masa, da me za a sallame shi. Kada kuma a cire yaro daga makaranta da sunan sana'a, domin wanda bai iya karatu da lissafi ba, ko ya gwanance, yaron wani zai zauna.

4. LITTAFIN SHIGA DA FITA

Abin da ya fi kashe ƙananan masana'antu shi ne gama kuɗin sana'a da kuɗin cefane cikin aljihu ɗaya. Mai inji ya ga kuɗi suna shigowa kullum, ya zaci riba ce, alhali uwar kuɗi yake ci. Ranar da inji ya lalace sai a rufe ƙofa.

Maganin wannan littafi ne guda, shafin dama abin da ya shigo, na hagu abin da ya fita, har da bashin da aka ba mutane. Mai sana'a ya yanka wa kansa albashi, kada ya wuce shi. Ya kuma riƙa ware kuɗin tsufan inji. Ga misali, in ana sa ran inji zai yi shekara 5, sai a raba kuɗinsa gida 60, a ajiye kashi ɗaya ko wane wata, a riƙa ƙarawa in farashi ya hau. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, wajibi ne a san man da ko wane buhu ke ci kafin a yanke ladan aiki. Inda aikin bai da nauyi, kamar ɗinki ko jawo ruwa, a gwada lissafin wutar hasken rana.

5. KYAUN KAYA DA GASKIYAR AWO

Mai saye daga nesa ba ya komowa wurin wanda ya cuce shi. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Ƙasar Meziko kuma, babbar mai sayen zoɓorodo, ta dakatar da na Nijeriya saboda ƙwari, aka daɗe kafin ciniki ya komo. Laifin 'yan kaɗan ne, amma hasarar ta shafi kowa, har manomin da bai san an yi ba.

Saboda haka a hana zuba yashi cikin riɗi, da jiƙa zoɓorodo don ya yi nauyi, da shanya kaya bisa ƙasa ko bakin titi. Gyaɗar da aka tara da danshi takan yi fumfuna mai dafi wanda ke lahanta hanta, ya bi ƙuli-ƙuli da tunkuza. Shinkafa in an turara ta, an busar daidai, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinta ke fita tsaba. In ta bushe ƙwarai ko ta rage danshi sai ta kakkarye, daraja ta faɗi. Riɗi da gyaɗa kuwa kusan rabin nauyin tsabarsu mai ne, kowa ya sayar da su ɗanye ya sayar da wannan mai tare.

Abinci ko abin sha da za a ƙulle a sayar, kamar ruwan leda da burodi da man gyaɗa na kwalba, sai da lambar Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Ingancin kaya irin su bulo yana hannun Hukumar SON.

6. RAJISTA DA JARI DA GAMA KAI

Banki ba ya ba da rance ga sana'ar da ba ta da suna a takarda. Matakin fari shi ne rajistar sunan sana'a wurin Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, sa'an nan a buɗe ajiya a banki da wannan suna. Bankin Masana'antu, wanda aka tsara a 2001, aikinsa ba da rance ne don sayen injuna. Wanda ke gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa karɓarsa, na farkonsu Jaiz, ya fara aiki a 2012. Irin waɗannan sukan sayi injin su sayar wa mai sana'a bisa ribar da aka daidaita, ya biya kaɗan-kaɗan.

Kada kowa ya ci bashin inji sai ya tabbata zai sami kayan da zai sarrafa har damina, da wanda zai saya. Injin da ke aiki wata uku ya kwanta wata tara ba ya biyan kansa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matan da ke turara shinkafa ko matsar mai, ko wacce a gidanta, in sun haɗu cikin jam'iyyar gama kai mai rajista, za su iya sayen kaya da kaka, su ajiye, su mallaki inji ɗaya, su sayar da murya ɗaya. Sharaɗin ɗorewarta shi ne ma'aji dabam, magatakarda dabam, a karanta lissafi gaban kowa ko wane wata.

7. ABIN DA KE WUYAN HAKIMI DA MALAMINSA

(a) Malamin hakimi ya buɗe littafin masu sana'a, gari-gari: irin sana'a, yawan yara, injin da ake da shi, wata nawa ake aiki. A bayyana wa jama'a cewa ba littafin haraji ba ne, gama an soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano tun 1979. Amfaninsa shi ne in horo ko rance ya zo a san masu sana'a na gaskiya.

(b) Hakimi ya riƙa kiran Sarkin Maƙera da Sarkin Kasuwa da shugabannin sauran sana'o'i, har da na mata, ya ji kukansu, ya isar ga Majalisar Sarki da Ƙaramar Hukuma a rubuce.

(c) Bisa Dokar Filaye ta 1978, takardar fili tana hannun Gwamna a birane, da Ƙaramar Hukuma a ƙauyuka. Na hakimi shi ne shaidar gaskiya da kashe rigima tun tana ƙarama. A kuma shawarci masu gina rumbu ko ɗakin inji su nemi tudu, don ambaliyar 2022 ta nuna abin da ruwa ke yi wa kayan da aka tara a kwari.

(d) In an nemi sunayen waɗanda za a horar ko a ba jari, a ba da na masu aikin. Sa sunan ɗan'uwa ko bara wanda zai sayar da injin a kasuwa zalunci ne ga gunduma duka, yana kuma sa a daina kawo irin wannan taimako.

(e) Sa'ad da ake rangadi, a leƙa maƙera da ɗakunan injuna kamar yadda ake leƙa gonaki, a duba mudu da sikeli.

Hakimin da ya tsare waɗannan abubuwa, a kwana a tashi zai ga samarin ƙasarsa suna samun abin yi a gida da rani, kasuwarsa tana cika, sunan kayanta yana kyau wurin baƙi. Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya sa albarka cikin sana'ar talakawa, amin.