Sulken da Ba Ya Tare Kibiya

Yawancin sulken da jarumai suka sa a fim ɗin barkwanci na Monty Python and the Holy Grail, na 1975, saƙar ulu ce da aka shafa wa fenti ruwan azurfa. Daga nesa sai ka rantse ƙarfe ne. Amma a Sikotland aka ɗauki fim ɗin, ulun ya riƙa shan ruwan sama, 'yan wasa suna makyarkyata.

Ƙananan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ma ba su da kuɗin maƙeri. Kwali suke jiƙawa su lanƙwasa ya zama garkuwar ƙirji, tsohon tubun taya ya zama maɗauri, a sarƙafa kunnuwan gwangwanin lemo su zama sulke. Sai a bi da baƙin fenti, a goga na azurfa sama-sama.